Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya: A Sa Kuɗin Gadin Bayanan Marasa Lafiya a Kasafi

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a na Tarayyar Najeriya, Farfesa Muhammad Ali Pate.



Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya babban asibiti ya san ɗakin kati. 'Yar taga ce mai ƙarafuna, jama'a sun yi cincirindo a gabanta tun da sassafe, kowa na miƙa katinsa da ya gama tsufa a aljihu. A ciki ma'aikaci ya taka kujera yana laluben fayil a kanta ta sama, ƙura na zubo masa. In an yi sa'a a samu. In ba a samu ba sai a buɗe sabo, tarihin ciwon shekara goma ya bi ruwa, likita ya koma tambaya daga farko. Don haka aniyar da ma'aikatar lafiya ta ɗauka ta mayar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta aniya ce da ta cancanci yabo, kuma mai wannan wasiƙa yana cikin masu yi mata fatan nasara.

Sai dai fayil ɗin takarda, duk da wahalarsa, yana da wata kariya: mai son sace shi sai ya tako da ƙafarsa, kuma iya abin da hannunsa ya riƙe zai ɗauka. Ranar da aka tara bayanan miliyoyin mutane a rumbu ɗaya aka jona shi da intanet, ɓarawon da ke wata nahiya zai iya kwashe su a dare ɗaya, ko ya kulle su ya ce sai an biya fansa. Roƙon wannan wasiƙa guda ɗaya ne: a gina tsarin a kan buɗaɗɗiyar manhaja wadda ƙasa ce ke riƙe da ragamarta, sannan a ware kuɗin kula da ita da gadinta a kasafin kowace shekara, kamar yadda ake ware na magani da na albashi.

Abin da ya sami waɗanda suka riga mu shiga wannan hanya ya isa a tsaya a duba. Ranar Juma'a 12 ga Mayu, 2017, ma'aikatan asibitoci a Ingila suka tarar da jan allo a kwamfutocinsu yana neman kuɗin fansa. Wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ce ta yi garkuwa da fayilolinsu. Ta taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku na rukunonin asibitocin gwamnati a ƙasar, aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, aka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitocin, daga baya gwamnati ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92. Abin takaicin shi ne, tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da facin da ke toshe kafar da aka bi aka shiga. Wata biyu maganin yana nan kyauta, ba a sa shi ba.

Na Amurka ya fi wannan ban tsoro. Kamfanin Change Healthcare shi ne ɗan aike tsakanin asibitoci da kantunan magani da kamfanonin inshora, ta hannunsa takardun biyan kuɗi ke bi. A Fabrairun 2024 masu kutse suka shiga cikinsa da suna da kalmar sirri na sata, ta wata ƙofa da ba a sa mata mataki na biyu na tantancewa ba, wato irin lambar nan da banki ke turo wa mutum a waya kafin kuɗinsa ya fita. Kwana tara suna yawo a ciki kafin su kulle komai. Mutane suka je karɓar magani aka kasa tabbatar da inshorarsu, ƙananan asibitoci suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi wajen biyan ma'aikata. Ranar 1 ga Mayu shugaban uwar kamfanin UnitedHealth na lokacin, Andrew Witty, ya amsa a gaban majalisar dokoki cewa ƙofar ba ta da wannan mataki, kuma sun biya fansar dala miliyan 22. Biyan bai hana komai ba: daga ƙarshe aka gano bayanan mutum sama da miliyan 190 abin ya shafa.

In an ce waɗancan ƙasashen nesa ne, ga Afirka ta Kudu. A Yunin 2024 aka yi garkuwa da kwamfutocin NHLS, hukumar da ke yi wa kimanin kashi 80 cikin 100 na al'ummar ƙasar gwajin jini da makamantansa. Maharan sun goge har da wani sashe na kwafin ajiya. Injunan gwaji na aiki, amma babu hanyar isar da sakamako ga likita sai a buga waya ko a rubuta da hannu, aka yi makonni a haka. A wannan watan dai aka kai irin wannan hari kan kamfanin Synnovis mai yi wa manyan asibitocin Landan gwajin jini, har aka fito ana roƙon jama'a su ba da jini rukunin O, kuma bayan shekara guda aka tabbatar cewa jinkirin sakamakon gwaji na cikin abin da ya jawo mutuwar wani mara lafiya.

Gemun maƙwabta ya kama da wuta, lokacin shafa wa namu ruwa ya yi.

Mu ma nan gida alamun sun bayyana. A 2022 wasu masu bincike suka tarar da rumbun hukumar inshorar lafiya ta Jihar Filato a buɗe a intanet ba kalmar sirri, ɗauke da hotuna da katunan shaida na mutum kimanin 37,000. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo shafukan da ke sayar da bayanan NIN na 'yan ƙasa a kan naira 100. A ƙananan asibitoci kuwa, ba baƙon abu ba ne a ga kwamfuta ɗaya da ma'aikata shida ke shiga da suna ɗaya, kalmar sirrin an rubuta a 'yar takarda an manna a gefen allo, ko a ɗauki hoton sakamakon gwaji da wayar hannu a jefa a zauren WhatsApp na ma'aikata don likita ya gani da wuri. Ma'aikatan nan ba mugunta suke yi ba, dabara ce ta wanda aka ba aiki ba a ba shi kayan aiki ba. Amma hoton na nan a wayoyi ashirin, ɗaya daga cikinsu gobe za a kai ta gyara kasuwa.

Dalilin da ya sa aka ce a zaɓi buɗaɗɗiyar manhaja yana buƙatar bayani. Manhaja iri biyu ce. Akwai wadda kamfani ke rufe rubutun da aka gina ta da shi, yana sayar da izinin amfani shekara-shekara. Babu mai leƙa cikinta sai shi, babu mai gyara ta sai shi, kuma ranar da kwangila ta ƙare asibiti kan wayi gari bayanansa na cikin wani tsari da ba ya buɗuwa sai da mabuɗin kamfanin. Akwai kuma wadda rubutunta ke a fili, kowa na da ikon karantawa, ya gyara, ya daidaita ta da buƙatarsa, ya ba wani.

Mai Girma Minista ya fi kowa sanin cewa Najeriya ta daɗe tana cin moriyar ta biyun. A ƙarshen kowane wata, mai kula da ƙaramin asibitin ƙauye kan baje manyan rajistocinsa a tebur, ya ƙirga masu awon ciki, da haihuwa, da yaran da aka yi wa rigakafi, da masu zazzaɓin cizon sauro, ya cike fom ɗin wata, ya hau babur ya kai sakatariyar ƙaramar hukuma. Can jami'in tattara alƙaluma ya shigar da su cikin DHIS2, daga nan jiha da Abuja su gani. Wannan DHIS2 buɗaɗɗiyar manhaja ce da Jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar ginawa, tushenta yana Afirka ta Kudu tun shekarun 1990, yau ƙasashe sama da 70 ke aiki da ita. Haka OpenMRS, wadda aka fara a 2004 daga aikin kula da masu ƙanjamau a Eldoret ta Kenya da haɗin gwiwar cibiyar Regenstrief da Partners In Health. A kanta aka gina ɗaya daga cikin manhajojin da cibiyoyin ba da maganin ƙanjamau ke amfani da su a ƙasar nan.

Labarin SORMAS ma ya fi daɗin ji. Da Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014, ma'aikata suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi cuɗanya da masu cutar, gida-gida, har aka ayyana ƙasar ta kuɓuta ranar 20 ga Oktoba, bayan rasa rai takwas, ciki har da Dakta Stella Adadevoh. Daga darasin wannan aiki ne masanan Najeriya da cibiyar Helmholtz ta Jamus suka gina SORMAS don sa ido kan ɓarkewar cututtuka. Hukumar NCDC ta rungume ta, Ghana ta ɗauka, da korona ta zo sai ga ofisoshin lafiya na Jamus kanta suna ɗaukar manhajar da aka tsara don buƙatar Najeriya. Da rufaffiya ce, da kowace ƙasa sai ta sake biya daga farko.

To amma buɗewa ba ta nufin tsaro ya samu da kansa, nan ne ake yawan yin kuskure. A Disambar 2021 aka gano wata babbar kafa a Log4j, wani ɗan ƙaramin sashe da ke cikin dubban manhajojin da aka rubuta da yaren Java, wanda wasu 'yan sa-kai ƙalilan ke kula da shi. An fitar da faci cikin kwanaki, amma facin ba ya sa kansa. Sai wani ma'aikaci ya san abin da ke cikin rumbunsa, ya sauke gyaran, ya gwada, ya sa. DHIS2 da OpenMRS duk da Java aka rubuta su. Tambayar da ta dace kowane kwamishinan lafiya ya iya amsawa ita ce, in irin wannan labari ya fito da tsakar daren Asabar, wane ne a jiharsa aikinsa ne ya tashi, kuma wa ke biyansa.

Sai kuma abin da ya faru da xz, wata 'yar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da ita ba albashi, har ya gaji. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka masa har ya samu yarda, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a ciki. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura cewa shiga kwamfutarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tona asirin ranar 29 ga Maris, 2024, kafin abin ya bazu a duniya. Buɗewar rubutun ce ta ba shi damar ganowa. Barin mutum ɗaya da ɗawainiya ba tallafi kuma shi ya ba mugun damar shiga.

Mutanen karkara sun san wannan matsala a rijiyar burtsatse. Wata ƙungiya ta zo ta haƙa, aka yi biki aka yanka kirtani, aka sha ruwa shekara biyu. Ranar da famfo ya lalace aka rasa wanda ke da alhakin gyara, mata suka koma rafi. Da yawa daga cikin manhajojin lafiyar ƙasar nan kuɗin masu ba da agaji ne ya kafa su, shi ke biyan ma'aikatan da ke kula da su. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a Janairun 2025, an ga yadda ayyuka suka tsaya cak a ƙasashe da dama. Najeriya ta yi abin kirki da ta ƙara kimanin dala miliyan 200 a kasafin lafiya don cike giɓin. Rumbun da ke riƙe da sunan mai shan magani da ranar da zai dawo karɓa shi ma yana buƙatar irin wannan kulawa, domin in ya mutu, ko maganin na nan ba za a san wanda ya daina zuwa ba.

Batun musayar bayanai shi ne inda amfani da haɗari suka haɗu. Matar da aka turo daga babban asibitin ƙaramar hukuma zuwa asibitin koyarwa takan sake biyan kuɗin gwajin da aka yi mata shekaranjiya, saboda sakamakon bai biyo ta ba. Alhali mijinta a tsaye a bakin ƙofar zai tura kuɗi daga wannan banki zuwa wancan cikin daƙiƙoƙi. Bankuna sun kai ga haka ne don an tilasta musu magana da harshe ɗaya ta hannun NIBSS mai haɗa su, kuma a Maris na 2023 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin da ke ba abokin ciniki ikon yarda ko ƙin a ba wani kamfani bayanansa. A fannin lafiya ma akwai irin wannan harshe na bai-ɗaya, ana kiransa FHIR, kuma buɗaɗɗe ne. In aka wajabta shi a kan duk manhajar da asibitin gwamnati zai saya, kowace jiha za ta iya zaɓar wadda take so, kuma fayil ɗin mara lafiya zai bi shi duk inda ya je. Estoniya ta ƙara wani abu a kai: ɗan ƙasa na iya shiga ya ga sunan duk wanda ya buɗe fayil ɗinsa da ranar da ya buɗe.

Ɓangaren 'yan kasuwa shi ya fi buƙatar ido. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, wanda ke nufin kamfanonin inshora, da kantunan magani, da ɗakunan gwaji masu zaman kansu, da sababbin kamfanonin fasaha duk za su riƙa taɓa waɗannan bayanai. Yawancinsu na neman halal ɗinsu ne, kuma ƙasa na buƙatarsu. Amma 'yan Najeriya ba su manta da manhajojin ba da bashi ba, waɗanda ke kwashe lambobin wayar mutum su tura wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. Har hukumar NITDA ta ci tarar ɗaya daga cikinsu, Soko Lending, naira miliyan 10 a 2021. A ƙaddara jerin sunayen masu karɓar maganin ƙanjamau ko na taɓin hankali ya faɗa hannun masu irin wannan hali. Aure zai mutu, aiki zai tafi, wani ba zai sake iya zama a unguwarsu ba. Ko a Ingila, asibitin Royal Free ya miƙa wa kamfanin DeepMind na Google bayanan marasa lafiya miliyan 1.6 don gwada wata manhajar gano ciwon ƙoda, a 2017 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta yanke cewa an saɓa doka, domin ba a sanar da masu bayanan yadda ya kamata ba. Manufar mai kyau ce, amma ba a nemi masu abu ba.

Doka kam akwai ta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin mara lafiya sirri ne. Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman, ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin sa'o'i 72 in an samu ɓaraka mai haɗari, kuma hukumar ta nuna tana da haƙora da ta ci tarar bankin Fidelity naira miliyan 555.8 a 2024, ko da yake bankin ya musanta laifin. Abin da ya rage shi ne dokar ta sauko daga takarda zuwa teburin ma'aikaciyar jinya a Gwarzo da Gumel da Misau.

Babu wanda za a koya wa darajar yardar jama'a a wannan ma'aikata. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ya bar tabo, kuma da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan tabo na cikin abin da mutane ke nunawa. Cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Mai Girma Minista da kansa, tun yana shugabantar hukumar lafiya matakin farko daga 2008, ya bi fadojin sarakuna yana dawo da wannan yarda, kuma sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali. Ɓaraka ɗaya babba a bayanan marasa lafiya za ta iya mayar da hannun agogo baya. Uwar da ta ji an ga sakamakon maƙwabciyarta a waya ba za ta yi gardama da kowa ba, za ta daina zuwa awo ne kawai.

Saboda haka ga abubuwan da ake roƙo. A buɗe layi na musamman a kasafin ma'aikatar don kula da manhajojin lafiya da tsaronsu, a kuma sa shi cikin sharuɗɗan da jiha za ta cika kafin ta karɓi kasonta na asusun lafiya matakin farko. A ɗauki ƙwararrun matasa aiki na dindindin, da albashin da zai riƙe su, su zama rundunar da ke sa faci, tana gwada kwafin ajiya a kai a kai, tana amsa kira dare da rana. Wasunsu su riƙa ba da gudummawa ga ginin DHIS2 da OpenMRS da SORMAS, don ƙasar ta kasance cikin masu gini. Duk manhajar da aka gina da kuɗin jama'a, rubutunta ya zama mallakin jama'a. Kowace kwangila ta fayyace cewa bayanan na asibiti ne da mara lafiya, kamfani zai miƙa su cikin tsarin bai-ɗaya ranar da aka rabu, kuma ba zai sayar ko ya ba wani ba sai da izini.

A matakin asibiti kuwa, kowane ma'aikaci ya samu sunansa da kalmar sirrinsa da mataki na biyu na tantancewa, a samar musu da amintacciyar hanyar tura sakamako kafin a hana su WhatsApp, a kuma ajiye kwafi guda da ba ya jone da intanet. Kowane asibiti ya riƙa atisayen komawa takarda na kwana ɗaya, don ranar da allo ya ɗauke a san abin yi. Takardar neman izinin mara lafiya a rubuta ta da Hausa da Fulfulde da Kanuri da sauran harsunan ƙasa, a karanta wa wanda bai iya karatu ba, a gaya masa wa zai ga bayaninsa da kuma dalili.

Ana shirya kasafin kowace shekara ne watanni kafin a kai shi majalisa, kuma a wannan lokacin ne ake iya shigar da sabon layi ba tare da wahala ba. Mai wannan wasiƙa yana roƙon Mai Girma Minista ya sa a shigar da na gadin bayanan marasa lafiya a daftarin da ke tafe, ya kuma kai batun gaban Majalisar Lafiya ta Ƙasa domin kwamishinonin jihohi 36 da takwaransu na Abuja su amince da ƙa'ida ɗaya.

Allah ya taya riƙo, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Daga wani ɗan ƙasa mai bibiyar harkokin lafiya da fasaha.